Yadda ƙiba da ciwon suga suka taɓa min ido

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni tela ce a Zariya, ɗinkin mata nake yi tun ina budurwa, yanzu shekaruna sun doshi hamsin. Ina da ciwon suga da hawan jini, kuma sugan ya taɓa min ido duka biyun, na hagu ya fi jin jiki. Abin da ya sa nace bari in ba da labarina shi ne duk sanda na faɗa wa mata 'yan uwana cewa ƙiba tana da hannu a matsalar idona sai su yi min wani kallo, wata ma tace min haba Hajiya, ina ruwan teɓa da ido, wannan yana sama wannan yana ƙasa. Toh akwai ruwanta wallahi, sai dai hanyar da take bi ba a miƙe take ba, shi ya sa take ruɗa mutane, har ma ta ruɗa wanda ya rame.

Sanda nake budurwa siririya ce ni sosai, a gidanmu tsinke ake ce min. Da aka sa ranar aurena sai gwaggonnina suka ce ba za a kai ni ɗakin miji haka ba, dangin miji su ce ba a ba mu abinci a gida. Aka shiga gyaran jiki, kunun gyaɗa da madara safe da yamma, fura da nono an zabga mata suga, ga wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ake sayowa a kemis waɗanda ake kira sha ka fashe. In kin sha, yunwa ce za ta yi ta sakaɗar ki dare da rana, kafin biki kumatu sun fito fuska ta cika ta yi zagaye, kowa na cewa amarya ta yi kyau. Sai da 'yata ta biyu ta shiga karatun aikin jinya take faɗa min cewa yawancin irin ƙwayoyin nan dexamethasone ne, ko a haɗa shi da wani maganin da ke buɗe ciki, kuma shi maganin asibiti ne mai ƙarfi na kumburi da asma da makamantansu, ƙibar da yake sawa illarsa ce ba aikinsa ba, yana tara kitse a fuska da ciki, yana ɗaga suga a jini, in aka daɗe ana sha yana iya kawo yanar ido da hawan jinin ido ma. Ban riƙe gwaggonnina a zuciya ba ko kaɗan, so ne ya sa su, abin da suka tarar ana yi kenan. Amma har gobe ana sayar wa 'yan mata abin nan ba takardar likita ba komai, wannan kam yana ci min rai.

Daga nan sai haihuwa. Duk haihuwa sai jego, kunun kanwa kofi kofi, gashi, farfesu, tuwo malmala biyu a ce ki cinye saboda nono, kuma duk jego sai in tashi da ƙarin jikin da baya sauka. Ga sana'ar tamu ta zama ce, daga hantsi in na hau keke sai sallah ce take tayar da ni, lokacin ɗinkin sallah kuwa har tsakar dare, abin da ke riƙe ni shayi mai kauri da burodi da lemon kwalba mai sanyi. Babu wanda ya taɓa ce min wannan ciwo nake tarawa. Yabo ma ake yi, a ce kai Malam yana ƙoƙari, ji yadda kika murje. Mu a wurinmu ai ramar mace abin kunya ce ga mijinta, ƙibarta kuwa shaida ce ta kwanciyar hankali.

A cikin autana ne aka fara ganin alama. Wajen awo aka ce sugana ya ɗan hau, in rage zaƙi, yaron kuma da aka haife shi ya haura kilo 4, unguwa ta ɗauka ana ta sa albarka wai na haifo ƙato. Bayan haihuwa aka gwada aka ce ya sauka, shikenan maganar ta mutu, babu wanda yace min macen da ta yi sugan ciki tana cikin haɗarin kamuwa da na dindindin nan gaba, ya kamata ta dinga gwaji a kai a kai kuma ta kula da nauyinta. Wannan ma sai daga baya na ji.

Bayan wasu shekaru sai ƙishirwa, in sha ruwa in sha ruwa maƙoshi a bushe, dare ɗaya in tashi fitsari ban san adadi ba, ga kasala, ga ƙaiƙayin gaba da ya ƙi jin magani. Aka gwada ni da safe kafin in karya, aka ce in ya kai 7 ma an shiga layin masu suga, nawa kuwa ya wuce nan da nisa. Aka ɗora ni a kan maganin suga da ake kira metformin, aka ƙara da na hawan jini domin shi ma an same shi a sama. Abin da na riƙe daga bayanin ranar shi ne in bar suga in koma alkama. Na koma tuwon alkama kuwa, amma malmalar tana nan yadda take, ni a tunanina tunda alkama ce ko nawa na ci ba komai. Maganar ido kuwa ko sau ɗaya ba ta fito daga bakin kowa ba, alhali ƙa'idar ita ce duk babban da aka gano yana da irin sugan nan namu a tura shi a duba bayan idonsa tun a lokacin, saboda ciwon yakan yi shekaru a jiki kafin a gano shi. Akwai wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum sama da 5,000, sakamakonsa ya fito a 1998, sun tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gano suna da suga idonsu ya riga ya fara taɓuwa tun ranar da aka gano su. Kin ga kenan ni Allah kaɗai ya san tun yaushe nawa ya soma.

Haka na yi ta lallaɓawa kusan shekara goma, yau lafiya gobe babu. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, ga kuɗin makarantar yara ga cefane, sai ya zamana na wata ɗaya nake ja ya yi min wata biyu, tsinken gwaji ma na daina saye. Ana haka wata 'yar uwa ta kawo min jiƙo a jarka daga wajen wani mai maganin gargajiya, wai yana wanke suga tas. A ɗan tsakanin nan ne na fara ramewa ba tare da na rage cin komai ba. Hannuwa suka sirance, cinyoyi suka zube, zannuwa suka yi min yawa, amma cikin yana nan a gaba bai je ko ina ba. Na ji daɗi gaskiya, domin dama an sha ce min in rage ƙiba, ga ta tana raguwa da kanta, mai jiƙon kuma ya aiko cewa alamar magani yana aiki kenan, kitsen ciwon ne yake narkewa.

Ido kuwa da zaren allura ya fara. In ɗauki zare in yi ta nema ramin allura ya ɓace min, sai in kira yaro ya zura min. Nace girma ne, na sayi gilashin karatu a kasuwa, ya yi min aiki na ɗan lokaci ya daina, na sayi wani. Abin mamaki wata rana in tashi ina gani garau wata rana dishi-dishi, ashe shi ma hawa da saukar sugan ne yake sa haka. Abin da ya tayar min da hankali shi ne da na rufe idon dama ina duba layin ɗinki da na hagu sai na ga layin ya karkace ya yi lanƙwasa a tsakiya, alhali da hannuna na ja shi a miƙe, na kalli bakin ƙofa shi ma haka, na kalli rubutun Alƙur'ani sai tsakiyar kalmar ta dushe gefe da gefe yana fita. Babu ciwo, babu ja, babu hawaye, ko ƙaiƙayi babu. Wanda ya kalli idona zai rantse lafiya lau yake. Da na faɗa wa 'yar tawa sai naga fuskarta ta canza, tace Umma gobe ba ɗinki, Kaduna za mu.

Cibiyar kula da ido ta ƙasa da ke Kaduna muka je. Aka sa ni karanta haruffa, aka auna ƙarfin ruwan ido, sannan aka ɗiga min wani magani da ke buɗe baƙin ido, na zauna jira har ya kama, likita ya haska fitila ya leƙa ciki, aka ɗauki hoton bayan idon, aka kuma yi wani hoton na na'ura da ke nuna kaurin wurin. Likitan mutum ne mai haƙuri, Allah ya saka masa da alheri, ya juyo da kwamfutar ya nuna min. Yace Hajiya a can bayan ƙwayar ido akwai wata 'yar shimfiɗa, a kanta hoton duk abin da kike kallo yake sauka, kuma jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita sun fi zaren kekenki siranta nesa ba kusa ba. In suga ya daɗe yana sama sai bangon jijiyoyin ya yi rauni, su yi 'yan ƙulli, su fara tsiyayar jini da ruwa da maiƙo, wasu su toshe. Ya nuna min ɗigo-ɗigon ja da wasu rawaya a hoton, yace ga su nan a ido biyun. Na hagun kuma ruwan ya taru a daidai tsakiyar shimfiɗar, wurin da ake karatu da zura allura da gane fuskar mutum da shi, ya kumbura, shi ya sa layi yake karkace min.

Ni kuma abin da ya tsaya min a rai na tambaye shi, nace likita ai ni na rame, an ce ƙiba ce matsalar kuma ta tafi, ya aka yi ido ya lalace yanzu da na rame bai lalace sanda nake da jiki ba? Sai ya tambaye ni yace ramar, ke kika neme ta ko ita ta zo? Nace ita ta zo. Ya tura ni gwajin da ke nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce, wanda ake so yawancin masu suga su tsaya ƙasa da 7, nawa ya fito sama da 11. Yace toh kin gani, wannan ramar ba sauƙi bace, ciwon ne ya yi ƙarfi. Abincin da kike ci baya shiga inda ya kamata, sugan yana zubewa ta fitsari, jiki kuma ya koma cin tsokarsa da kitsensa, shi ya sa hannu da cinya suka zube. Wato lokacin da nake murna ina ramewa, lokacin ne idon yake shan wahala fiye da kullum.

Sannan ya yi min bayanin inda ƙibar ta shigo, likitar suga da aka haɗa ni da ita daga baya ita ma ta ƙara min. Kitse, musamman na ciki wanda ke naɗe hanji da hanta, yana sa jiki ya daina jin insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka, sai abin da ke samar da insulin ɗin ya yi ta aiki ba hutu har ya gaji, daga nan suga ya zauna. Ƙibar nan dai ita ke tura hawan jini sama, hawan jini kuma yana ƙara matsa wa jijiyoyin da dama sun yi rauni, ita ke ƙara maiƙo a jini, kuma tana kawo irin minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, wanda shi ma an ga yana tafiya da lalacewar bayan ido. Ni duk na haɗa su, Malam ya daɗe yana ce min ina minshari har in yi kamar na shaƙe. A binciken Birtaniyan nan da na ambata, waɗanda aka matsa wa hawan jininsu ya sauka sosai an samu raguwar ci gaban lalacewar ido da kusan kashi ɗaya cikin uku, hawan jini kawai fa, ba a ma zo maganar suga ba. Don haka ƙibar shekara ashirin ce ta share fage, ta kawo sugan da hawan jinin, su kuma suka yi ta aiki a ɓoye, ramar ƙarshe ta zo ta rufe min ido da murna.

Likitar sugan ta faɗa min wani abu da ya tsaya min. Tace sikeli shi kaɗai baya faɗin gaskiya a maganar ido. Akwai lissafin da suke yi na nauyi da tsayi, in ya kai 25 an fara yin nauyi, in ya kai 30 ƙiba ce sosai, amma da masu bincike suka bi wannan lissafin ba su samu amsa ɗaya ba, a Singafo ma an ga masu suga da suka fi nauyi a lissafin ba su fi sirara yawan ciwon ido ba, sai dai matan da ƙugunsu ya fi faɗi idan aka gwada da ɗuwawu su ne nasu ya fi tsanani. Tace shi ya sa ita tef ta fi yarda da shi. Ta ɗauko tef irin nawa na aiki ta zagaya min a daidai tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen cibiya, tace in saki numfashi kar in shanye ciki. Ga mace ana so kar ya kai santimita 80, wato inci 31 da rabi kenan a awonmu na teloli, namiji kuma santimita 94, inci 37, ko kuma a sauƙaƙe, faɗin ciki kar ya kai rabin tsayin mutum. Nawa duk da ramar da ake cewa na yi ya haura inci 40. Shekara nawa ina rataye da tef a wuya ina auna mata ina rubutawa a littafi, ina ganin awon mace ɗaya yana ƙaruwa sallah bayan sallah, ban taɓa sanin lambar nan tana da wata ma'ana bayan yadin da za a yanka ba.

Maganin idon hagu allura ce a cikin ido. Da na ji haka jikina ya mutu, na kwana ina juyi, amma gaskiya tsoron ya fi abin. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke wurin, a sa wani abu ya riƙe fatar ido, a farin idon ake yi ta gefe, abin da na ji kamar an danna ne kawai, kafin in gama salati an gama, sai dai yinin ranar ido yana yi kamar da yashi a ciki. Matsalar ba sau ɗaya ake yi ba, da farko wata wata ne, kuma kuɗi ne ba kaɗan ba ko da an yi da Avastin wadda ta fi sauran sauƙi, ga kuɗin mota ga na hoto. Adashina da 'yan kunnena na gwal a nan suka tafi, Malam ma ya sayar da abin da ya sayar, Allah ya biya shi. A layin nan na ga mutanen da suka zo sau ɗaya ba su dawo ba saboda babu, kuma ba ƙin lafiyarsu suke ba.

Wani gargaɗi da suka yi min wanda nake so duk mai irin matsalata ya ji, sun ce kar in ce zan faɗo da sugan nan ƙasa dare ɗaya. In suga ya daɗe a sama sosai kuma bayan ido ya riga ya taɓu, saukar da shi da gaggawa yana iya sa idon ya ƙara rikicewa na wani lokaci kafin ya daidaita, an ga haka a wasu da aka yi wa tiyatar rage tumbi, an kuma gani a gwajin allurar nan Ozempic da ake ta yayinta yanzu don rage ƙiba. Ba wai kar a sauke bane, saukewar ita ce mafita, amma da sanin likitan ido, ana yi ana leƙawa. Aka ɗora ni a kan insulin aka dinga ƙarawa kaɗan kaɗan, har ma na ɗan mayar da jiki da farko, likitar tace kar in damu, wanda ciwo ya cinye ne yake dawowa.

Sai da sugan ya lafa sannan muka shiga rage teɓar da gangan. Ba wani abincin Turawa aka rubuta min ba. Tuwon nan ne dai, na dawa ko gero ko alkama, amma ɗan daidai dunƙulen hannuna, miya ta fi tuwo yawa, kuka, kuɓewa, alayyahu, ga kwaɗon zogale da rama ba tare da an zuba suga ba, wake da alale da ƙwai da kifi in an samu, man miya cokali ake aunawa ba a tuttula ba. Lemon kwalba na bar shi gaba ɗaya, shi ya fi ba ni wuya wallahi. Zuma da dabino da nake ɗauka ba sa cikin lissafi aka ce min su ma suna ɗaga suga, a ci da awo. Bayan asuba ina zagaya unguwa da maƙwabciyata, Islamiyya ma da ƙafa nake zuwa yanzu, a wajen aiki kuma bana yin awa guda a zaune ban miƙe ba. Azumi sai da na je aka gyara min lokutan magani, aka kuma faɗa min alamomin da in na ji dole in karya. 'Yata ta karanto min wani bincike na 2017 a Birtaniya inda kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin rage nauyi sugansu ya kwanta ba magani bayan shekara ɗaya, waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 cikin ɗari ne, na yi ta murna, amma likitar tace min gaskiya, waɗancan ba su wuce shekara shida da ciwon ba kuma ba sa kan insulin, ni nawa ya daɗe, kar in sa ran rabuwa da magani, amma ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina na sauke zan gani a suga da hawan jini. Kuma na gani Alhamdulillah.

Abin da ya fi yunwa wuya shi ne bakin mutane. Surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, ta kira Malam tace kai me ka yi wa yarinyar nan ta lalace haka, in wani abu ne ka faɗa min. Wasu suka ce kishiya za a yi min nake tunani, wasu suka ce sammu ne, har na ji an ce ko ciwon zamani ne, wannan ta sa ni kuka ba kaɗan ba. In kin je biki a ajiye miki shinkafa da lemo kice ruwa za ki sha sai a ga kamar wulaƙanci ne ko kina ƙyamar abincin gidan. Na je na durƙusa gaban surukar tawa nace Hajiya wallahi ɗanki bai rage ni da komai ba, likita ne yace in ban rage cikin nan ba idona zai tafi, kin fi so in yi jiki ana ja min sanda? Ta yi shiru, tace Allah ya sawwaƙe 'yar nan, toh ki yi abin da suka ce. Yanzu ita ce ma in na je take cewa a dafa min zogale. Ni ina ganin maza suna da babban aiki a nan, domin mace ba za ta iya wannan yaƙin ita kaɗai ba in miji yana ganin ramarta zubar masa da mutunci ne. Malam da ya fahimta shi ma ya bar suga a shayi, tukunya ɗaya muke ci.

Kar kuma siriri ya ce ya tsira. Yayana namiji direba ne, tun tasowarsa bai taɓa yin jiki ba sai ɗan ciki a gaba, ya riga ni kamuwa da suga, kuma kullum maganarsa ita ce ni da ba ni da ƙiba me zai same ni. Da aka gano nawa na matsa masa nace Yaya dan Allah ka je a duba ka, yana ta cewa sai ya dawo daga tafiya, har ranar da ya wayi gari yana ganin baƙaƙen abubuwa suna yawo a ido kamar yanar gizo-gizo, kafin yamma idon ya rufe. Shi nasa ya kai matakin da jijiyoyi suka toshe har ido ya tsiro da sababbi marasa ƙwari, su ne suka fashe jini ya cika ciki. An yi masa aiki a wannan, ɗayan kuma aka yi masa leza, wato aiki da wani haske mai ƙarfi, don a tsare shi, amma tuƙi ya ƙare, ƙodarsa ma an ce ta fara taɓuwa domin irin jijiyoyin ne a can. Mutumin da ke ciyar da gida guda yanzu yana zaune a zaure. A ranar masu ciwon suga ta duniya, 14 ga Nuwamba, an yi mana bayani a asibiti cewa ƙididdigar 2021 ta nuna manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. Ina jin haka Yaya ne ya faɗo min, shi da ya sani ma kenan.

Yanzu kumburin idon hagu ya sauka, an ƙara tazara tsakanin allurai, layi ya rage karkacewa amma bai koma kamar da ba kuma an faɗa min ba lallai ya koma ba. Na daman ne nake lallaɓawa. Aikin duwatsu da ƙananan ado na bar wa yaran shago, ni yanka nake yi da awo, Alƙur'ani kuma na sayi mai manyan baƙi. Ƙuguna ya ragu da inci da dama duk da ban kai inda ake so ba tukun, hawan jini ya daidaita, gwajin wata ukun ya sauko kusa da 7. Da aka zo bikin babbar 'yata masu gyaran jiki suka kawo haɗinsu, na tambayi abin da ke ciki aka kasa faɗa min, nace a mayar, an ji haushina amma ko a jikina. Kwastomomina kuwa waɗanda muka saba, in na auna naga lambar ta yi sama nakan ce Hajiya kin taɓa gwada suga kuwa, wasu su ji daɗi wasu su ɓata rai, akwai waɗanda suka je aka samu.

Duk mai suga, da mai jiki da siriri, ko yana gani garau, a duba masa bayan ido aƙalla sau ɗaya a shekara, mai suga da ta samu ciki kuma ta je tun farkon cikin domin ciki yana iya hanzarta abin. In kin je ki faɗa musu da bakinki cewa kina da suga kuma bayan ido kike so a duba, gwajin gilashi daban yake, za a iya ba ki gilashi ki dawo gida ba a leƙa inda ciwon yake ba. Ki tafi da katinki da magungunan da kike sha har da na gargajiya, ki karya kafin ki fita saboda layi yana da tsawo kar suga ya faɗi, kuma ki tafi da ɗan rakiya, domin maganin da ake ɗigawa yana sa gani ya dushe na wasu awanni kuma hasken rana yana damun mutum, namiji ma kar yace zai tuƙa mota ko mashin ya dawo da kansa.